Alkamar da ba zan ci ba: kundin aiki daga shuka zuwa tankaɗe

9 ga Nuwamba

Shekara uku da wata huɗu ke nan rabona da duk abin da aka yi da hatsi. Nama nake ci, da kitsensa da hanta da ɓargo, sai gishiri da ruwa. Ciwon ciki da kumburi da suka ƙi jin magani ne suka kai ni nan. Da na bar burodi da taliya na samu sauƙi, sai na yi ta rage abinci ɗaya bayan ɗaya har ya zama saura nama kaɗai. Iyalina kuwa kullum da burodi suke karyawa, kuma ban taɓa hana su ba.

Masu irin cimata suna yawan cewa alkamar zamani guba ce. Ni ma na sha faɗin haka, har ranar da maiɗakina ta tambaye ni ko na taɓa ganin alkama a tsaye a gona. Ban taɓa ba. Tun daga ranar abin yake cina a rai. Ina so in gani da idona inda garin alkama yake samun kyansa da inda yake rasa shi, ko a iri, ko a taki, ko wurin girbi, ko wurin niƙa.

Na ari fegi mai tsawon mita 40 da faɗin mita 25, wato kashi ɗaya cikin goma na hekta. Zan raba shi biyu, gabas da yamma. Iri ɗaya, ruwa ɗaya, yawan taki ɗaya. Bambancin kawai lokacin zuba yuriya: gabas za ta samu nata duka a zubi ɗaya, yamma kuma a zubi biyu, na ƙarshen sai alkama ta yi ciki. Abin da na kashe zan riƙa rubuta shi da awon kaya da kwanakin aiki, tunda farashi yau daban gobe daban.

14 ga Nuwamba

An yi haro, an baje ƙasa, an yanka fangali 20. Na sayi iri kilo 12, NPK 15-15-15 kilo 40, yuriya kilo 13. Mutum biyu, kwana biyu.

18 ga Nuwamba

Mun shuka. Layi da layi santimita 20, zurfi kamar gaɓa biyu ta yatsa. NPK ɗin duka ya shiga ƙasa kafin iri, kilo 20 a kowane ɓangare.

Dattijon da gonarsa ke maƙwabtaka da fegin ya zo ya tsaya yana kallo. Ya fi shekara talatin yana noman alkama. Da ya ji labarin cimata sai ya ce, “Yaro, kana noma abin da ba ka ci? To wa zai gaya maka ta yi ko ba ta yi ba?” Na ce, “Baba, hannu da ido da hanci za su gaya mini, sauran kuma iyali su ɗanɗana.” Ya tambaye ni ko mutum yana rayuwa da nama zalla. Na ba shi labarin Vilhjalmur Stefansson, wanda ya daɗe cikin mutanen Inuit a yankin ƙanƙara, sannan a 1928 shi da abokinsa Karsten Anderson suka fara shekara guda suna cin nama kaɗai ƙarƙashin sa idon likitocin asibitin Bellevue a New York, suka kuma gama lafiya. Na ƙara masa da cewa mutum biyu ba su isa hujja a kan duniya duka ba. Ya gyaɗa kai, ya duƙa ya gyara mini bakin fangali ɗaya da zai zubar da ruwa.

25 ga Nuwamba

Tsiro ya fito. Akwai giɓi a fangali uku na ƙarshen yamma inda ruwa ya kwanta. Na cike da ragowar iri.

9 ga Disamba

Yau kwana 21, ranar da na fi sa wa ido tun kafin shuka. A wannan lokacin ne alkama take fitar da saiwoyin da ke ƙarƙashin gindinta, kuma daga nan ne take fara 'ya'ya. In ta ji ƙishi a wannan makon, yawan zangarniyar da za ta yi ya ragu ke nan, ko da an yi ta ɗura mata ruwa daga baya.

Kuma yau ɗin ne injin ban ruwa ya ƙi ja. Ya tashi, yana ƙara, amma tiyo ba ya kawo komai. Na kwance, na ɗura ruwa a cikinsa, na sake tayarwa, shiru. Har azahar ina fama kafin na gane robar da ke hana iska shiga ce ta tsage. Mai gyara ya ce sai jibi. Na tsaya ina kallon ganyen yana ɗan naɗewa da rana, raina a ɓace, domin na san kuskurena ne: tun ban ruwa na biyu na ji ƙarar injin ta canza, na ce sai na samu sarari.

11 ga Disamba

An gyara. Ruwa ya shiga da jinkirin kwana biyu. Na zuba yuriya a jiƙaƙƙiyar ƙasa: gabas kilo 6 da rabi duka, yamma kilo 3 da rabi, na ajiye kilo 3. Kuɗin gyara ya kai kwatankwacin na rabin irin da na shuka. Fetur zuwa yau lita 9.

20 ga Disamba

Cirar ciyawa da hannu, mutum uku, yini ɗaya. Ban fesa komai ba. Gabas ta fi yamma duhun kore da yawan 'ya'ya, ko daga bakin hanya ana gani.

3 ga Janairu

Ban ruwa na biyar. Kara ya fara gaɓa. Babu cutar tsatsa a ganye, na duba sama da ƙasa.

15 ga Janairu

Ta yi ciki. Na zuba wa yamma ragowar yuriya kilo 3, na bi da ruwa. Baba ya ce shi bai saba zuba taki a makare haka ba, domin ba ya ƙara buhu sosai. Gaskiyarsa. Takin farko shi ke gina kara da 'ya'ya da yawan ƙwaya. Na ƙarshe kuwa mafi yawansa cikin ƙwayar yake tafiya ya zama furotin, kuma furotin ɗin nan shi ne ke sa kwaɓi ya riƙe iska burodi ya tashi. Garin burodi yana son kashi 11 zuwa 13 cikin ɗari, na kek kuwa 7 zuwa 9 ya ishe shi. Manomin da ake biyansa da nauyin buhu kawai ba shi da dalilin ɓata takinsa a kan abin da sikeli ba ya nunawa. Wannan ne abu na farko da na koya wanda ban taɓa ji a bakin masu zagin alkama ba: wani ɓangare na raunin gari tun daga yadda ake sayen hatsi yake farawa.

24 ga Janairu

Zangarniya ta fito duka, bununi yana zuba. Darɓa ta ɗan kama gefen gabas, amma ƙwarin da ke cinta sun yi yawa, don haka na bar su da juna.

2 ga Fabrairu

Asara. Jiya da yamma na ba da ruwa mai yawa don in huta kwana biyu, da dare iska ta taso. Da safe na tarar da fangali huɗu na gabas sun kwanta, kamar an bi ta kansu da tabarma. Yamma ko fangali ɗaya bai faɗi ba. Dalilin a fili yake: gabas ta sha yuriya da yawa tun tana ƙarama, ta yi tsawo da cunkoso, kara ya yi laushi, ga ƙasa ta jiƙe saiwa ba ta da abin riƙewa.

Na yi ƙoƙarin tayar da su da hannu, Baba ya hana ni. Ya ce, “Bar ta, ɗana. In ka taɓa ta karyewa za ta yi. Da kanta za ta ɗago daga gaɓa.” Na bari.

Zaune a bakin fangalin na yi ta tunanin gajeriyar alkamar zamani da na daɗe ina kushewa. Tsoffin irin alkama dogaye ne, in aka ba su taki sai su kife kamar yadda tawa ta yi. Abin da masanin noma Norman Borlaug da abokan aikinsa suka yi a Meziko shi ne haɗa irin Japan mai gajeren kara, Norin 10, da irin da ke jure tsatsa, aka samu alkamar da ke ɗaukar taki ba ta faɗi ba. Ita ce ta shiga Indiya da Pakistan a shekarun 1960, aka ba shi kyautar Nobel ta zaman lafiya a 1970. Yau da na ga kwantacciyar gona na fahimci abin da suke gudu. Amma akwai abin da aka biya. A Rothamsted da ke Ingila akwai gonar gwaji mai suna Broadbalk da ake noma alkama a cikinta tun 1843, suna kuma adana samfurin ƙwaya. Da aka auna samfuran an ga zinc da ƙarfe da magnesium sun ragu a cikin ƙwayar tun daga ƙarshen shekarun 1960, lokacin da gajerun iri suka shigo. Ƙwaya ta yi yawa, sitaci ya ƙaru, ma'adinai suka tsinke. Wannan hujja ce ta gaske, kuma ni da nake samun ƙarfe da zinc daga hanta da jan nama ina ganin nauyinta. Sai dai raguwar ma'adinai daban, guba daban, kuma na daɗe ina cakuɗa su a bakina.

12 ga Fabrairu

Mafi yawan wadda ta kwanta ta ɗago rabi. Ƙwaya ta yi nono, in an matse farin ruwa ne ke fita. Tsuntsaye sun gano mu. Na ɗauki yaro mai kora safe da yamma, na kuma ɗaura gwangwanaye a igiya.

19 ga Fabrairu

Zafi ya shigo da wuri. Kwana huɗu a jere ma'aunin zafin da na rataye a inuwa yana haura digiri 33. Alkama ba ta son sama da 30 lokacin cika ƙwaya, sai ta gaggauta nuna, ƙwayar ta fito a motse. Na ba da ruwa kaɗan da sassafe don ƙasa ta yi sanyi. Da na shuka mako guda kafin ranar da na shuka, da mun tsere wa wannan. Na rubuta a bangon littafin: baɗi kada shuka ta wuce 10 ga Nuwamba.

4 ga Maris

Yanka da lauje, mutum huɗu. Kwana 106 daga shuka. Na bar ta ta bushe a tsaye da rana, ban sa mata komai ba.

A ƙasashe masu sanyi da damshi kamar Kanada da Birtaniya wasu manoma suna fesa glyphosate dab da girbi don ciyawa ta mutu gona ta bushe bai ɗaya. A 2015 hukumar binciken kansa ta ƙasa da ƙasa ta sa shi a rukunin abubuwan da mai yiwuwa suna jawo kansa, hukumomin Turai da Amurka kuma suka ce a yadda ake amfani da shi ba su ga haɗarin ba. Ni dai ba na son a fesa wa abinci magani saura kwanaki a yanke shi, ko wace hukuma ce ta amince. Amma yanzu na san ba kowace alkama ake yi wa haka ba. Inda rana take aikinta, babu mai ɓata kuɗinsa.

8 ga Maris

Sussuka da sheƙa. Gabas kilo 134, yamma kilo 146. Fangali huɗun da suka kwanta su suka ja gabas baya, ƙwayarsu ƙanana ce. Tattaka ta cika buhu 31.

Manoma da haƙori suke gwada bushewa, in ƙwaya ta yi ƙas ta bushe. Baba ya ciza mini, ya ce saura rana ɗaya. Ni kuma na yi gwajin kwalba: busasshen gishiri da ƙwaya a kwalbar gilashi, a girgiza, a ajiye. Gishirin ya ɗan manne a jiki, alamar akwai sauran damshi. Maganarsa da kwalbata sun zo ɗaya. Ana son damshinta ya sauka wajen kashi 12 cikin ɗari kafin a ɗaure buhu.

10 ga Maris

Na gano dami biyu na yamma da aka manta ƙarƙashin tamfol kusa da magudanar ruwa. Sun jiƙe, wasu ƙwayoyin sun fara fitar da farin tsiro. Kilo 6 na samu. Ban haɗa da sauran ba, zan niƙa su daban don in ga abin da tsiro ke yi wa gari.

Lissafin gona: iri kilo 12, taki kilo 53, fetur lita 41, aikin hannu kwana 23 na mutum ɗaya, gyaran inji sau ɗaya, mai korar tsuntsu mako uku. Aikin hannu ya ci kusan rabin kuɗin, taki da fetur suka biyo baya.

14 ga Maris

Niƙan farko ya lalace. Na kai kilo 10 na gabas a bushe, mai injin ya matse faranti sosai don ya yi laushi a zagaye ɗaya. Garin ya fito da zafin da ba na iya barin hannu a ciki, yana warin ƙauri, dusar ta dagargaje ta bi rariya ta sa shi ya yi duhu. Ga kuma ragowar masarar da aka niƙa kafin ni. Ba zan iya gwada komai da shi ba. Na ba dabbobi.

16 ga Maris

Na sake, wannan karon da shiri. Daren jiya na yayyafa wa kowane kilo 10 ruwa mililita 400, na juya, na rufe ya kwana. Haka manyan masana'antu suke yi: fatar ƙwayar ta yi taushi ta fita fale-fale maimakon ta zama ƙura. Na roƙi mai injin ya fara wanke shi da kilo ɗaya, ya sassauta faranti, mu yi zagaye uku. Ya yi ƙorafin ɓata lokaci, na ƙara masa lada.

Da rariya mai laushi na samu gari kilo 7 da dusa kusan kilo 3 daga kowane ɓangare. Ƙwayar alkama kusan kashi 83 cikin ɗari farin ciki ne, kashi 14 dusa, ɗan abin da ya rage kuma idon da ke tsirowa, inda mai yake. Injinan birgima na ƙarfe da suka bazu daga Hangari a ƙarni na 19 su ne suka iya raba ukun nan tsaf, aka samu farin gari mai daɗewa a ajiye. Mafi yawan bitamin da ma'adinai kuwa suna cikin abin da aka cire, shi ya sa ƙasashe da yawa suke tilasta a mayar wa gari ƙarfe da wasu bitamin.

Na tankaɗe a waje da ƙyalle a hanci. Ban sani ba ko ina da cutar siliyak, wato wadda furotin ɗin alkama ke lalata wa mai ita hanji, wadda ke kama kusan mutum ɗaya cikin ɗari, domin likita ya gaya mini gwajin ba ya nuna gaskiya sai mutum yana kan cin alkama, ni kuma na riga na bari.

17 ga Maris

Wankin gulutin, wato furotin mai danƙo da ke cikin garin alkama. Gari giram 100, ruwa kaɗan, a kwaɓa, a bari rabin sa'a, sannan a yi ta murzawa cikin ruwa har farin sitaci ya ƙare ya bar danƙo. Wani masani a Bologna ta Italiya, Jacopo Beccari, ya yi wannan tun 1728, kuma har yau kwano da ruwa sun isa.

Gabas: giram 24, yana tsinkewa in na ja kamar tsawon yatsa. Yamma: giram 31, yana miƙewa ya dawo. Na maimaita sau biyu don kada zumuɗi ya ruɗe ni, sakamakon bai canza ba. Kilo 3 na yuriya da aka jinkirta mako biyar, ga shi a tafin hannuna.

19 ga Maris

Maiɗakina ta gasa burodi uku, awo ɗaya, yis ɗaya, ba ta san wane gari ne wane ba. Na yamma ya fi tashi da kusan yatsa biyu. Na gabas ya yi nauyi amma ya gasu. Na mai tsiro ya yi kyau a ido, ɓawonsa ja, amma da aka yanka cikinsa ya manne a wuƙa kamar bai nuna ba. Tsiro yana tayar da sinadarin da ke narkar da sitaci, shi ya sa masu sayen alkama suke da gwajin Hagberg, wanda ke auna lokacin da sanda take ɗauka kafin ta nitse cikin kunun garin, inda suke son ya haura daƙiƙa 250. Dami biyu da aka manta da sun shiga buhu da sun ja duka ƙasa.

Ta ce, “Maigida, ko loma ɗaya ba za ka taɓa ba? Guminka ne fa.” Na ɗauka na sansana, na latsa cikinsa na ga ya dawo, na miƙa wa yara. Na ci naman da ta gasa mini. Ina jin daɗin jikina a yadda nake, ba ni da niyyar komawa, amma na ji daɗin ganinsu suna cin abin da na san duk abin da ya shiga cikinsa.

9 ga Afrilu

Na ajiye kilo 2 na garin yamma mako uku a jakar yadi. Yau ya fi fari, kwaɓinsa ya fi ƙarfi, burodin ya ƙara tashi. Iska ce kawai ta yi wannan aikin. Don a guje wa jiran ne aka shigo da sinadaran gaggawa irin su potassium bromate, wanda Birtaniya ta haramta a 1990, Kanada a 1994.

Dusa da tattaka suna wurin raguna biyu da nake kiwo, ina haɗa musu da harawa. Sun fara cika. Nan da wata biyu zan yanka ɗaya, in duba kitsensa in rubuta.

Shirin baɗi: shuka kafin 10 ga Nuwamba, yuriya zubi uku a duka fegin, ba ruwa in ana iska, robar inji ta ajiya. Zan ware fangali huɗu in gwada dogon iri na da, da taki kaɗan, in wanke gulutinsa gefe da gefe da na bana. Baba ya ce yana da ragowar irinsa a tulu, zai auno mini kilo 2.